Kar a Gaya wa Tuhin

"Ajiye wayar nan, Shamsul, ko in tashi in fasa ta," in ji Motaleb, mutumin da ko kofin ruwa ya daina iya ɗagawa.

Shamsul ya ajiye. Shekara arba'in suna maƙwabtaka a wannan ƙauye na bayan garin Barisal, bai taɓa cin tsohon nan a gardama ba. Ruwa na dukan rufin kwano, ɗakin duk warin magani.

"Yaya, ɗanka ne fa, kuma shi kaɗai gare ka. Ya kamata ya sani."

"Ya sani ya yi me? Tuhin motocin abinci yake rakawa a Sudan ta Kudu, hanya cike da 'yan bindiga. So kake hankalinsa ya dawo kan tarina, idonsa ya bar daji?"

"A shagon shayi cewa suke ya bar ubansa ya tafi gadin baƙi."

"Su wa? Waɗanda shinkafar baƙi ta raya a shekarar guguwa? Kai ma ka ci har da neman ƙari, da idona na gan ka."

Rahela, matar Motaleb, ta yi dariya daga bakin ƙofa, dariyar ta ƙare da kuka.

Kwana huɗu Shamsul yana ciro wayar yana mayarwa aljihu. Haushin tsohon yake ji, amma ya fi jin haushin kansa.

Ranar Laraba da hantsi Motaleb ya cika. Sai a lokacin Shamsul ya kira. Wani abokin aikin Tuhin ne ya ɗauka, ya ce ayarin ya fita tun shekaranjiya, inda suke waya ba ta shiga, sai nan da kwana uku. Shamsul ya zauna a dakali. Da ya kira ranar da suka yi musun, da uba da ɗa sun ji muryar juna.

Liman ya ce kogi na cikowa, ba za a jira ba. Bayan azahar aka kai Motaleb maƙabarta.

"Ɗansa ba ya nan," in ji liman. "Wa zai fara zuba ƙasa?"

Kowa ya sunkuyar da kai, har 'yan shagon shayi. Shamsul ya durƙusa, ya zuba damƙi uku a madadin Tuhin. Ya daɗe a durƙushe kafin ya iya ɗebo nasa, jiƙaƙƙiyar ƙasar tana manne masa a yatsu.