Masarar Surukin Mudi

Da hannuna na haɗa injin nan, ni Sulemanu, kuma duk garejinmu na Funtua babu wanda bai ga wahalar da na sha ba. Injin a-kori-kurar Mudi ne, abokina tun muna yara. Na sa sababbin fistan da ringi, na wanke kowane ƙarfe da fetur sai ka ce a ciki zan ci tuwo, na ɗaure kan injin a hankali, noti bayan noti. Da na tayar da shi ko tari bai yi ba. Bakanike ba shi da wata kadara sai sunansa, shi ya sa ba na wasa da irin wannan aiki.

Na ce, "Mudi, buɗe kunnenka. Ringin nan ba su zauna ba tukuna. Ka lallaɓa shi, kada ka taka wuta, kada ka yi lodi sai ka dawo mun juye baƙin mai. Ko buhun gawayi ban yarda ba."

Ya ce, "Haba Sule, sai ka ce yaro? Na ji."

Ya ji ɗin me! Yana isa Dandume surukinsa, Alhaji Abdulmutallib, uban matarsa Hajo, ya aiko wai tunda mota ta tashi a zo a kwashe masa masara zuwa kasuwa. To Mudi mutum ne da ko sunan surukin nan ba ya iya kamawa, daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Shi ne zai buɗe baki ya ce injin sabo ne? Ina! Ya tsaya kai a sunkuye ana jibga buhuna har mota ta zauna a kan tayoyinta. Alhaji ya haye gaba yana cewa a taka kada kasuwa ta watse.

Ko rabin hanya ba su yi ba injin ya buga.

Bayan la'asar aka jawo motar da igiya har bakin garejina, Alhaji na biye a kan babur. Wurin cike yake da direbobi. Na leƙa, baƙin mai ya ƙone yana wari, na san ringin sun tafi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa don takaici.

Alhaji ya sauko yana gyara babbar riga. "Kai ne Sulemanun? Aikin banza aikin wofi! Injin da ko masara ba zai ja ba? Ka cuci yaron nan, Allah ya isa."

Na ce, "Alhaji, ba da kai zan yi ba." Na juya. "Mudi, gaya wa mutanen nan abin da na ce maka game da lodi. Shi kaɗai nake so."

Mudi ya dubi ƙafar surukinsa, ya dubi ƙasa, gumi na tsatso masa.

"Mudi, don girman Allah ka yi magana!"

Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Alhaji ya fi mu sani."

Awaisu direban bas, wanda ya kawo motarsa da safen nan in sauke masa inji, ya matso kusa da ni bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, "Malam Sule, ɗan ba ni makullina."