Mil Ɗari da Tamanin da Biyar Zuwa Kiruna

Aiki ɗaya kacal aka ba ni a bikin Yaya Ylva: in kai mata surukinta Kiruna, can ƙuryar arewacin Sweden, kafin ƙarfe uku na ranar Asabar. Mama ma ba ta so a ba ni ba. Ina jin ta a waya tana cewa, "Melker fa? Yaron da ya je jarrabawa washegarin ranar da aka yi ta?"

Yaya ta ce, "Mama, maganar mota ce. In dai mota ce babu wanda ya kai shi."

Wannan magana ta zauna min a rai. Tun da na bar makaranta taya nake canzawa a wani gareji a Malmö, garinmu da ke kudancin ƙasar, kuma ba kasafai ake cewa babu wanda ya kai ni a wani abu ba.

Angon, Fergus, mutumin Scotland ne, shekararsa biyar yana aiki can Kiruna. Babu wanda ya rage masa a duniya sai mahaifinsa, Baba Murdo. An yi wa tsohon aiki a huhu a farkon shekara, likita ya hana shi hawa jirgin sama, ya kuma ce kowane dare sai ya miƙe bayansa a gado. Jiragen ƙasa masu zuwa arewa kuwa duk sun cika, don ranar auren ta faɗa cikin bikin tsakiyar bazara. Sai aka tsara zai hau jirgin ruwa zuwa Holland, ya biyo jirgin ƙasa har Malmö, daga nan kuma sai ni da tsohuwar motata Volvo.

Tun watan Afrilu na sayi taswira ta takarda, don na fi gane abu in na ɗora yatsa a kai. Na raba hanyar uku da jan biro. Laraba, Malmö zuwa Uppsala, mil sittin da takwas. Alhamis, Uppsala zuwa Umeå, hamsin da bakwai. Juma'a, Umeå zuwa Kiruna, sittin cif. Duka mil ɗari da tamanin da biyar. Na kama mana ɗakunan kwana, na yi alama a duk inda za mu tsaya shan kofi, har wani wuri kusa da babbar gada inda nake so tsohon ya ga teku.

Turancina ba wani na kirki ba ne. Da na rubuta masa saƙo sai na fara tura wa Yaya ta gyara, sannan na aika. Na gaya masa nisan, na ce kwana uku ne, ya iso ranar Talata.

Amsarsa ta zo da fuskokin dariya har uku. "Kwana uku? Ɗana, tura motar za mu yi? Kada ka damu, zan iso a kan kari."

Ni ma na yi dariya. Na ce tsohon nan akwai barkwanci.

Ranar Litinin ta makon bikin, da na taso aiki, na shimfiɗa taswirar a teburin kicin. Kawu Evert, wan Mama, ya hawo shan kofi kamar kullum. Shekara talatin ya yi yana jan tirela, har Ingila ya sha kai kaya, yanzu ba shi da aiki sai duba na wasu.

Ya ce, "Ɗan taya, wannan zane-zanen fa? Yaƙi za ka?"

"Kawu, bari in kira Baba Murdo in ji jirgin ƙarfe nawa zai iso gobe."

Na buɗe muryar wayar na ajiye ta kusa da faranti. Tsohon ya ɗauka da fara'a, ana jin rediyo a bayansa. Muka gaisa, na tambayi jiki, sannan na ce, "Baba, kana ina yanzu? Ka sauka Holland?"

"Holland? Ina gida, ina yi wa tumatir ban ruwa."

Na dubi Kawu. Kawu ya dubi wayar.

"Gida wanne, Baba?"

"Gidana mana, a Dundee. Jibi da safe likita zai duba ɗinkin, da yamma in hau jirgin ruwa. Alhamis in kwana Hamburg, Juma'a ƙarfe biyu na rana ka gan ni a tasharku. Mu sha shayi, mu kama hanya, kafin cin abincin dare muna wurin yara."

Na ce, "Juma'a?"

"Juma'a. Na san kai mai bi a hankali ne, Ylva ta gaya min. To ko da naka tuƙin ai ba za mu wuce awa huɗu ba."

Kawu ya ɗauko kofi zai kai baki, sai ya tsaya da shi a sama. A hankali ya mayar da shi kan tebur. Ya ce da ni da yarenmu, "Me ka rubuta wa mutumin nan?"

"Mil ɗari da tamanin da biyar."

"Da Turanci?"

"Da Turanci mana, Kawu. Da me zan rubuta masa?"

Ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah. Mil na wa?"

Ban gane tambayar ba. Mil ai mil ne. Tun ina ƙarami na san mil ɗaya kilomita goma ne, haka Mama take faɗa, haka kowa a gareji yake faɗa. Ba wanda zai ce maka Lund kilomita ashirin ce, mil biyu za a ce.

Kawu ya ce, "Nasu ko kilomita biyu bai kai ba, sakarai. Ɗaya da rabi da ɗan ɗori." Ya jawo taswirar, ya ɗora babban yatsa a Malmö, ya ɗan matsa sama kaɗan ya tsaya a Jönköping. "Ga inda yake zaton za ku. Nan." Sannan ya ja yatsan ya yi sama, ya wuce Stockholm, ya wuce inda takardar ta naɗe, ya yi ta tafiya har gwiwar hannunsa ta ture gwangwanin sukari. "Ga kuma inda ake auren."

Daga cikin waya Baba Murdo ya ce, "Kuna nan? Na ji abu ya faɗi."

Kawu ne ya gaya masa, da irin Turancinsa na direbobi. Ya ce da lissafinsu mil dubu ɗaya da ɗari da hamsin ne.

Muka ji Baba Murdo ya kashe rediyon.

"Dubu nawa?"

"Ɗaya, da ɗari da hamsin."

"Bawan Allah, ko London na je na dawo ban cika wannan ba. Duk a ƙasa ɗaya?"

"Kuma ba ƙarshenta ke nan ba."

"Fergus ya ce min da nisa. Na ce eh, na sani, ɗari da tamanin da biyar ai nisa ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni da kaina na mayar da ganin likita Laraba. Na ga akwai lokaci. In bai duba ni ba kuma ba zai bar ni in tafi ba." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Ɗa ɗaya gare ni, Melker."

Na ce masa ya ba ni awa ɗaya zan sake kira. Ban san abin da zan yi da awar ba, na dai faɗa.

Na zauna ina kallon jan layin nan da na yi wata biyu ina gyarawa. Kawu ya karɓi biron ya juya bayan ambulan.

"Saurara. Juma'a ƙarfe biyu zuwa Asabar ƙarfe uku, awa ashirin da biyar. Tuƙi zalla awa ashirin da biyu, in masu jan ɗakin kwana a bayan mota ba su tare mana hanya ba. Ni da kai, karɓa-karɓa, ba tsayawa sai shan mai da fitsari. Mu dire shi ƙofar coci, uwarka ba ta ji ba, yayarka ba ta ji ba."

"Gado fa?"

"Ya kwantar da kujera."

"Kawu, likita ya ce gado."

"Likita ba zai shiga motar ba."

Gaskiya na so shawarar. Na so ta ƙwarai, don na riga na ji abin da Mama za ta ce, har da irin numfashin da za ta ja kafin ta faɗa. Amma tarin nan bai fita daga kunnena ba. A raina na hango mutumin a kujerar baya, can wajen garin Skellefteå, fuska ta yi fari, mu kuma muna duban agogo.

Na karɓi biron. Ni ba mai saurin lissafi ba ne, Kawu har ya gaji ya sake ɗora kofi. In mun tashi ƙarfe biyu, mu kai Gävle wajen sha ɗaya, tsohon ya samu awa shida a gado. Mu tashi biyar na safe. Abin da ya rage mil ɗari da shida ne da ɗoriya, awa goma sha uku, da tsaye-tsaye sha huɗu. Bakwai na yamma.

Kawu ya leƙo. "An gama aure da awa huɗu. Sai ku ci ragowar kek."

"Sai dai in an matsa da auren."

"Wa zai gaya wa Ylva ta matsa da aurenta saura kwana biyar?"

Na ɗauki waya na kira Yaya.

Tana ɗauka na ji hayaniya, ashe tana tare da Mama suna ɗaure furanni. Ta ce, "Autan Mama, ka ga surukin nawa? Ya iso lafiya?" Na gaya mata komai, a jere, yadda ya faru. Ban yi sauri ba don ban iya ba.

"Yana ina?" in ji ta.

"Dundee."

"Dundee ta Scotland?"

"Yana yi wa tumatir ban ruwa."

Sai ga numfashin nan na Mama. "Ban faɗa ba? Ylva, ban faɗa miki ba? Abu ɗaya! Abu ɗaya aka ce ya yi!"

Na ce, "Haka ne, Mama. Laifina ne."

Akwai abin da na tuna tun lokacin da Kawu ya ce mil na wa, amma ban ga amfanin faɗarsa ba. Amarya ce, kuma abin da ke kanta ya ishe ta. Na ci gaba da bayanin Gävle da ƙarfe bakwai, na ce in fasto zai yarda a mayar da shi takwas, ai a wannan lokaci na shekara rana ba faɗuwa take yi a can ba, masu hoto ma ba za su rasa haske ba.

Na ɗauka layin ne ya yanke.

"Yaya?"

"Tsaya. Ina duba saƙon Afrilu." Can sai ta ce, da wata irin murya da ban san ta da ita ba, "Mama, ajiye furen nan. Zo ki gani."

"In ga me?"

"Ga wanda ya turo min. Mil ya rubuta, irin namu, har ya sa tambaya a gefe, wai haka ake cewa da Turanci? Ga kuma wanda na mayar masa. Ni na ƙara haruffa biyu a ƙarshe ya zama miles, irin nasu. Har na ce masa yanzu ya yi daidai."

"Ke?" in ji Mama.

"Ni. Shekara biyar ina kwana ina tashi da Turanci." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. "Melker, ka tuna?"

"Na tuna."

"Shi ne ka yi shiru Mama tana wanke ka?"

"Ai ni na aika."

Kawu ya matso bakin wayar ya ce da Mama, "Gunilla, kina ji? Mai digirin ce. A rubuta a ajiye."

Mama ta ce, "Evert, ba da kai nake ba." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, abin da ban taɓa gani ba.

Kafin awar da na yi wa Baba Murdo alkawari ta cika, Yaya ta kira. Fasto ya yarda da takwas. Masu abinci sun yi ƙorafi amma sun yarda. Saura mutum saba'in da za a bi ɗaya bayan ɗaya a gaya musu, ta ce wannan nata ne, kada in sa hannu.

Ranar Juma'a ƙarfe biyu da minti goma, ni da Kawu muna tasha, Baba Murdo ya fito daga jirgi, ɗan siriri, da akwati ɗaya da kwat ɗinsa a leda. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Mun kwana Gävle kamar yadda na tsara, ya samu awa shidansa cif. Babbar gadar nan mun wuce ta ba mu tsaya ba, na dai ce masa ya duba dama. Duk allon nisan hanya da muka wuce sai ya karanta lambar da ƙarfi ya girgiza kai. Bayan Luleå bareyin ƙasar suka tare hanya, sun fi ashirin, suna tafe kamar ba su da inda za su. Kawu ya yi ta danna hon yana zagin kakanninsu, ni kuwa na jira suka gama.

Bakwai da rabi na kashe mota a gaban cocin, rana tana sama kamar la'asar. Fergus ya taho a guje, rigarsa ko maɓalli bai gama sawa ba. Mama tana bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi motar da ƙwari suka rufe wa gilashi, ta zo ta gyara min kwalar riga.

Baba Murdo ya fito a hankali yana dafe da ƙofa, ya miƙe bayansa, ya hango matakalar cocin.

"Melker, daga nan zuwa can mil nawa ne?"

Kawu ya ce, "Namu ko naku?"

Tsohon ya kama hannuna. "Bar shi. Wannan yaron zai kai ni."