Ɗan Giwa a Cikin Taɓo

Bayan rasuwar mahaifiyarmu Mamma, mahaifinmu ya kasa zama a gida. Bappa, kamar yadda muke kiransa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin kamun kifi a tsibirinmu na Maldives, amma sai ya koma zaman bakin ƙofa, ko bakin teku ba ya leƙawa. Ni da ƙanwata Nuzha muka ga gara mu fita da shi. Mijina Azleem aikin kwamfuta yake yi, ko'ina ya sami wuta zai iya, don haka muka ɗunguma mu huɗu zuwa Sri Lanka. Da niyyar makonni muka tafi, sai ga mu mun share watanni, daga wannan gari zuwa wancan, muna kama haya muna saki. Bappa bai taɓa cewa mu koma ba, mu kuma ba mu tambaye shi ba.

Nuzha ce ta matsa sai mun shiga gandun dajin da ke kudu. Bappa ya ce shi da ya ga kifin da ya fi jirginsa tsawo, wace dabba za a nuna masa? Nuzha ta ce ai babbar dabbar tudu da ya taɓa gani ita ce akuyar maƙwabta. Ya yi dariya, abin da muka daɗe ba mu ji ba, ya ɗauko hularsa.

Direban da ya ɗauke mu, Premasiri, dattijo ne mai ƙarancin magana. Bappa ba ya jin yarensa, ba ya jin Turanci, saboda haka ni ce tafinta. Rani ya yi tsanani a shekarar. Mun ga dawisu da barewa da ɓauna kwance a kududdufi, Azleem yana ta ɗaukar hoto, rabin hotunan duk babban yatsansa ne a ciki. Bappa yana cin gurasa da dakakken kifin da na ƙunso mana, har ya miƙa wa direban.

Bayan azahar muka iso wani babban tafki da ruwansa ya janye, ya bar fili na baƙin taɓo. Premasiri ya taka birki, ya kashe mota.

Wata giwa ce tsaye a gefen taɓon, sauran garken suna can baya a gindin itatuwa. Da farko ban ga abin da take yi ba. Sai wani dunƙule da na ɗauka dutse ne ya motsa, ya ɗaga ɗan siririn hannunsa sama. Ɗanta ne, ya nutse har kafaɗa. Uwar ta naɗe shi da hannunta ta ja, ya suɓuce. Ta sa ƙafa tana tone taɓon da ke gabansa, taɓon yana komawa. Ta durƙusa ta tura shi da goshi, sai ya ƙara nutsewa. Kukan da yake yi bai kai girman jikinsa ba.

Premasiri ya buga wa ma'aikatan gandun waya. Ya daɗe yana magana, sannan ya gaya mini cewa sun ji, amma motar tonon ƙasa da za su ciro shi da ita tana can wani ɓangare na dajin, kuma hanyar ba ta da kyau. Za su zo, sai dai bai san yaushe ba.

Bappa ya riga ya miƙe tsaye a bayan motar. Ya leƙa ƙarƙashin kujera ya jawo igiyar jan mota, ya murza ta a hannu, ya ce za ta iya. Ya shiga yi mini bayani da sauri: a ɗaura ta bayan ƙafafun gaba, a yi ƙullin da ba ya shaƙewa, a shimfiɗa rassa a kan taɓon, mota ta ja a hankali. Ya ce ya fitar da jirgi daga yashi da abin da bai kai wannan ba.

"Gaya masa, Shiuna. Ni zan shiga, ba shi ba."

Na gaya masa. Premasiri ya girgiza kai. Ya ce dabarar daidai ce, haka ma'aikatan ma suke yi, amma duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa yanzu, uwar za ta tattake shi kafin ya yi taku uku, kuma tana iya kifar da motar da mu a ciki. Ita ba ta san mai taimako ba.

Na juya wa Bappa maganar. Ya ce in sake gaya masa, wataƙila ban faɗa daidai ba. Na sake. Amsar ba ta canja ba. Sai ya ɗora ƙafa a kan ƙarfen motar zai sauka. Azleem, wanda tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukinsa ba, ya riƙe shi ta ƙugu da hannu biyu.

"Bappa, ka yi mini rai. Ka zage ni in ka so, amma ba zan sake ka ba."

Bappa ya yi ta fizga, sannan ya daina. Ya zauna da igiyar a cinyarsa.

Haka muka zauna muna kallo. Wasu motocin suka zo, aka ɗaga wayoyi, wasu suka tafi. Rana tana dukan kan ɗan giwar, uwar takan je inda ruwa ya rage ta zuƙo ta fesa masa, ta dawo ta ci gaba da ja. Wata giwar daga garken ta zo ta taya ta, su biyu suka yi ta fama, ita ma ta gaji ta koma. Nuzha ta rufe fuska da gyalenta tana cewa mu tafi, da Premasiri ya kai hannu ga makulli kuma sai ta ce a'a, mu tsaya. Ni dai addu'a nake yi, ban ma san me nake roƙo ba. Zuwa la'asar ɗan ya daina kuka. Hannun kawai yake ɗagawa jifa-jifa, ya mayar a kan taɓon.

Da rana ta yi ƙasa Premasiri ya ce dole mu fita kafin a rufe ƙofa. Bappa ya ce a bar shi nan shi kaɗai. Ban ma fassara ba. A hanyar fita muka yi kiciɓis da motar tonon ƙasar tana tafe kamar ba za ta iso ba, ma'aikata a bayanta cikin wata motar. Bappa ya bi su da kallo har kwana ta raba mu. A masauki bai taɓa abinci ba.

Da sassafe ya buga mana ƙofa, ya ce mu koma. Premasiri ya zo ɗaukarmu da labari. An fitar da ɗan da rai. Sai da aka yi ta fasa nokawut ana harbi sama kafin uwar ta ja da baya, garken duka suka watse cikin daji. Da aka ciro shi ya kasa tsayawa, ƙafarsa ɗaya ta gurɗe, an jira uwar ba ta fito ba, aka ga in an bar shi ba zai kwana ba. Sai aka sa shi a babbar mota zuwa gidan renon marayun giwaye, mai nisa daga nan. Nuzha ta yi hamdala har da hawaye. Na tambaya ko za a dawo wa uwar da shi. Ya ce in ya rayu, sai ya girma za a sake shi, kuma ba lallai a wannan dajin ba.

Da muka isa tafkin, uwar tana nan. Ita kaɗai, ba garke. Ta tsaya a bakin ramin da motar ta tona, tana zura hannu cikin taɓon har ƙarshe, ta zaro, ta shinshina, ta sake zurawa. Ta tona nan, ta koma can ta tona. Jikinta duk ya bushe da laka.

Bappa ya daɗe yana kallonta, sannan ya taɓa ni.

"Tambaye shi, babu yadda za a yi ta san yana da rai?"

Na tambaya. Premasiri ya dube ni ta madubi ya girgiza kai, Bappa ma ya gani, bai buƙaci fassara ba.

Mun zauna har rana ta yi zafi. Da muka tayar da mota ko waiwayowa ba ta yi ba. A sauran kwanakin da muka yi a garin, kullum Bappa sai ya sa na kira Premasiri. Ya ce mana ɗan ya fara shan madara. Uwar kuma direbobi sun yi ta ganinta a bakin tafkin har aka yi ruwan farko ramin ya cika, daga nan ba wanda ya iya bambanta ta da sauran.