Ƙanƙarar Malam Makau

Ƙarar faɗuwar kwano Fauziyya ta fara ji, sannan ihun yara. Ta bar firjinta a buɗe ta fito da gudu. A gindin dogonyaro ta iske maƙwabcinta Malam Makau kwance, ƙanƙarar da ya karɓa wurinta ɗazu tana birgima cikin ƙasa.

Tsohon malamin firamare ne, shi ya koya mata karatu. Tun da ambaliyar bara ta cinye rabin unguwarsu a Gummi yake tara yara yana gaya musu cewa can ƙarshen duniya akwai teku mai lulluɓe da ƙanƙara, kuma tana narkewa. Yaran dariya suke yi, wai ina ruwan Gummi da ƙanƙarar Turawa. Sai ya yi musu alkawarin yau za su gani da idonsu.

Aka kai shi zaure. Matarsa Iyatu ta aika a nemo mota, shi kuwa ya riƙe hannun Fauziyya ya ce ta raba ƙanƙarar biyu, kwano biyu, a rana. Ɗaya ta rufe da baƙin ƙyalle, ɗaya da fari. Baƙi ya samu, tsohon ɗankwalinta. Fari tas kuwa aka duba gidan aka rasa.

"Iyatu, buɗe akwati," in ji shi.

"Malam, likkafaninka ne fa."

"Na sani, ni na saye shi. Yanko taƙi guda. Ni ba dogo ba ne, mi za ni yi da saura?"

Iyatu ta tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba. Sai ta shiga ɗaki, aka ji kukan almakashi.

Da ƙyar yake jan numfashi, amma sai da ya maimaita wa Fauziyya abin da za ta faɗa wa yaran. Ta ce ita mai sayar da ƙanƙara ce, ba malama ba.

"Ɗiyata, wa ya fi ki sanin narkewatta? Kada ki bari su watse."

Motar ba ta iske shi a raye ba.

Salati ya tashi a cikin gida, maza suka fara shimfiɗa tabarmi. Yaran suka miƙe za su gudu, Fauziyya ta tare su. Wani dattijo ya ce mata yau ba ranar wasan yara ba ce, ta ce Baba ya yi haƙuri, wasiyya ce. Ta ja su gefe, ta zaunar da su gaban kwanonin, suka jira cikin rana har aka fito da makara.

Sannan ta ɗaga baƙin ƙyallen. Ruwa ne zalla, har ya yi ɗumi. Ta ɗaga farin. Ga ƙanƙara nan, kamar ƙwan kaza.

Ta gaya musu fari korar rana yake yi, baƙi kuwa shanye ta yake. Ƙanƙarar tekun can farin mayafi ce a kan duniya. In ta narke, baƙin ruwa ya buɗe, zafi ya ƙaru, damina ta rikice har nan. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Wata yarinya ta tambaya ko mayafin zai dawo.

Kafin Fauziyya ta amsa, babur ya tsaya. Wani baƙo ya sauko, wandonsa jiƙe har gwiwa da jar laka. Ya ce daga ƙauyukan sama yake, gulbi ya fara hawa gonakinsu, kuma an ce akwai malamin da ke gane take-taken ruwa.

"Ga shi can an tafi da shi," in ji Fauziyya. "Zauna ka faɗa mani ina ruwan ya kawo."

Yaran suka matso. Ta naɗe sauran ƙanƙarar cikin farin ƙyallen, tana ɗiga ta tsakanin yatsunta.