Layi Na Biyar

Shekara ashirin da shida Malama Sulochana Mohanty tana hawa dutsen ƙauyen Kusumpur. Takan manna jiƙaƙƙiyar takarda a kan rubutun da wani sarki ya sa aka sassaƙa shekara dubu biyu da suka wuce, cikin harshen kakannin kakanninta, ta shafa tawada ta kwafo haruffan. Zuwanta na fari layi bakwai ta tarar. Yau biyar suka rage, don mutanen ƙauyen sun mai da dutsen magani, kowa sai ya kankara ya jiƙa ya sha.

Ta zauna tana matsa gwiwa. Ta rubuta wa hukuma har ta gaji, faɗan ma ta daina.

Tsoho Ghanashyam, mai gadin wurin, ya miƙo mata ruwa fari-fari a kofin ƙasa.

"Sha, 'yata, gwiwar nan ta sa ki gaba."

"Baba, wane layi ka kankaro mini?"

"Na biyar mana. Ba nan kika ce sarki ya yi maganar warkar da marasa lafiya ba?"

Ita ce kuwa ta karanta musu da bakinta, tun tana yarinya mai ɗoki. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta shanye.