Tsibin Duwatsu a Bakin Kwazazzabo

Akwatin wasiƙun maƙwabci na goga da mota, sau ɗaya tak, shi ke nan na zama tsohuwar da ba a yarda da ita da sitiyari. Ni Lorna, da na yi shekara da shekaru ina jan motar 'yan makaranta a garin nan, cikin ƙanƙara da ruwa, ban taɓa ko kwarzane ta ba. Shi kansa ɗana Curtis a bayan kujerata ya girma yana jan majina. Amma tun da ubansa Vern ya rasu, yaron nan ya mai da ni abin lallaɓawa. Ya gyara mini ɗaki a ƙasan gidansa, har da labule mai furanni, ya ce in sayar da gidana in koma can, in kuma ajiye makullin mota.

"Mama, ba wai ba ki iya ba ne," in ji shi, da muryar nan tasa mai sanyi da ke ƙona mini rai. "Hankalinmu ne zai fi kwanciya."

"Hankalinku. To nawa hankalin fa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Nan take na ce masa ranar Asabar zan tafi gandun shaƙatawa na kwazazzabon da ke can cikin jihar Utah, ni kaɗai, in sauka ƙasa in hau da ƙafata, in kwana, in dawo Lahadi. Ya yi ta maganar gwiwata da zafin rana, na toshe kunne. Daga ƙarshe muka yi yarjejeniya: in kira shi kafin rana ta faɗi ranar Asabar. In bai ji ni ba zai kira jami'an gandun su neme ni, maganar makulli kuma ta ƙare, ba sauran gardama. Na ce na yarda, don ban ga abin da zai hana ni kira ba.

Na fita da sassafe da kofi a fulas da burodi mai man gyaɗa. Hanya fetal, ba mai ce mini rage gudu, ba mai taka birkin da babu a ɓangaren fasinja. Na ƙure rediyo ina bin waƙa da muryata ta kwaɗo. Da jajayen duwatsu suka fara bayyana sai na ji daɗi ya kama ni har ƙwalla, don rabona da wurin tun Vern yana da ƙarfin ƙafa.

Hanyar sauka kwazazzabon ba ta da sawu. Falalen dutse ne shimfiɗe, ko rundunar soja ta bi ba za ka ga alama ba. Shi ya sa jami'an gandu ke tara 'yan duwatsu ɗaya bisa ɗaya, tsibi nan, tsibi can. Ka tsaya a gindin wannan, ka hango na gaba, ka nufe shi. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ba a taɓa su, ba a ƙara musu ko tsakuwa, balle a gina sabo. Ran mutane ne a jikinsu.

Na sauka lafiya lau. Na zauna a inuwar wata bishiya a ƙasa na ci burodina, ina kallon bangon dutse ya tafi sama kamar ba zai ƙare ba. Na juyo da wuri, rana tana sama sosai, har ina shirya kalaman da zan yi wa Curtis tsiya da su.

A wajen hawa, inda falalen ya fi faɗi, na ga tsibi a hagu, na nufe shi. Daga nan na hango wani, na bi. Suna jere tsaf, sun ma fi na safe kyau, kuma abin da ya kamata ya sa ni tsayawa ke nan, amma wa ke zargin tsibin dutse? Na yi ta bi, ina hawa ina sauka, har gwiwata ta fara magana. Can sai ƙasa ta ƙare. Na tsinci kaina a bakin gaɓa, ƙasa can nesa har tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashin ƙafata. Ko'ina a kan gaɓar tsibi ne birjik, manya da ƙanana, wasu an ɗaura musu zare mai launi, ga tokar turaren tsinke a gefe. Ba kowa a wurin.

Zagin da na yi a wurin nan, da limamin cocinmu ya ji da ya cire ni daga 'yan waƙa.

Komawa baya ita ce azabar. Ashe masu ginin ba layi ɗaya suka yi ba. Duk inda wani ya ga waje ya burge shi sai ya gina nasa, don haka in na tsaya a gindin ɗaya sai in hango uku, kowanne yana kirana wani ɓangare. Na bi wannan ya kai ni rami, na dawo, na bi wancan ya kai ni jikin bango. Ruwana ya koma gindin gora. Waya ba sabis ko ɗigo. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi shi yawa, don ina kallon inuwa tana tsawo, na kuma san abin da take ja mini. Sai da na daina duba duwatsun gaba ɗaya, na bi gefen wata busasshiyar korama da na tuna na tsallaka da safe, kafin na faɗo kan hanyar gaskiya.

Da na iso inda ake ajiye motoci rana ta riga ta shige bayan dutse, sai jan da ta bari a sama. Motar jami'an gandu na tsaye kusa da tawa, wani jami'i mai furfura a gemu yana saɓa jaka zai shiga nemana. A can gefe wata doguwar farar mota ce, da wasu matasa cikin fararen kaya masu yalwa suna shan koren ruwa a kwalba. Ba sai na tambayi kowa ba. Ko a nan bakin kwalta sun gina tsibi.

Na wuce jami'in na nufe su ina ɗingishi.

"Wane ne ya jera duwatsun can na hagu?"

Wata siririya mai zobe a hanci ta taso tana murmushi har kunne. "Kin gani, Mama? Sun yi kyau, ko? Sunana Skyler, ni na kawo mutanen nan. Kowane dutse wata damuwa ce da mutum ya sauke daga zuciyarsa ya bar ta a nan."

"Kun sauke taku kun ɗora mini, ke nan. Ke yarinya, kin san aikin me duwatsun nan ke yi?"

"Ai na kowa ne, Mama. Ƙasa ba ta da mai ita."

"Alamar hanya ce, sakarai! Kun kai ni bakin gaɓa. Da duhu ya same ni a can fa?"

Ta dafa ƙirji, ta karkatar da kai. "Wayyo, sannu. Amma mu ba mu ɓata ba, taswira muke bi a waya. Wataƙila bai kamata ki riƙa shiga ke kaɗai ba, a shekarunki."

Allah ne kaɗai ya riƙe mini hannu da sandar da nake dogarawa.

Jami'in ya shiga tsakani. Ortega ne sunansa, yana rubuce a ƙirjin rigarsa. Ya gaya musu a natse cewa doka ta hana abin da suka yi, gobe da safe kuma zai shiga ya rushe. Suka yi ta ba shi haƙuri, shi, ba ni ba, suka shige motarsu suna ƙus-ƙus. Ya miƙo mini ruwa.

"Madam, ba ke ce ta farko ba. Ko makon jiya wasu ƙarti biyu masu hawan dutse haka irin wannan ya juya su. Ni kaina sai na tsaya na duba da kyau."

"Yauwa. Wannan maganar nake so ka maimaita wa ɗana, yadda ka faɗe ta."

A nan akwai sabis. Na kira Curtis, ya ɗauka kafin ta gama ƙara ɗaya, na miƙa wa Ortega wayar. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya sauya murya zuwa wadda suke yi wa iyalan da hankalinsu ya tashi.

"Yallaɓai, kwantar da hankalinka, mun same ta. Lafiyarta ƙalau. Ta ɗan rikice ne kawai a hanya, ka san yadda abin yake."

Na fizge wayar. "Ba su same ni ba! Da ƙafata na fito! Curtis, wasu shashashai ne suka..."

"Na ji, Mama. Na ji." Daga muryarsa na gane ya yi kuka. Wannan ne ya kashe mini baki, don da faɗa ya yi da na san yadda zan yi da shi. "Kada ki sake tuƙi, don Allah. Ki kwana a masauƙin bakin gandun. Gobe da rana zan zo da matata, ita za ta jawo motarki."

Ortega ya gane ɓarnar da ya yi. Ya miƙo hannu wai in ba shi ya gyara maganar. Na girgiza kai. Na san ɗana. Ko dukan jami'an gandun za su jeru su rantse, kalmar rikicewar nan kaɗai ya ji, kuma ita zai riƙe.

"Mama? Kina jina?"

"Ina jinka. Na yi alkawari, rana kuma ta faɗi. Za ka karɓi makullinka."

"Ba haka nake nufi ba, Mama..."

"Amma ba gobe da rana ba. Yarjejeniyarmu ta ce in dawo Lahadi, ba ta ce a dawo da ni ba. Ka jira ni a ƙofar gidana da yamma."

Na kashe wayar. Ortega ya tsaya yana murza hularsa a hannu, ya ce ko zai raka ni masauƙi. Na ce a'a, na san hanya. Na shiga mota na zauna, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari, sannan na tayar na kama hanya.