Hoton Sista Prisca

Shekara ashirin Sista Prisca ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke gefen Maruta. Mutuniyar Filato ce, amma Hausa ta zauna a bakinta daram. Batulu ce mai taimaka mata, ita ke ɗora masu ciki a kan sikeli ranar awo.

Saura sati uku zaɓe, wata Talata, wani ya leƙo ta taga ya ɗauki Prisca hoto tana riƙe da tulin katin awo. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyi, haɗe da muryar wani mutum yana rantsuwa, wai an ɗauko wata Kirista tana karɓe katin zaɓen matan Musulmi.

A wayar yayanta Ashiru Batulu ta fara gani. Guruf tara ya tura wa.

"Yaya, katin awo ne fa!" in ji ta. "Har na Na'ima matarka yana ciki."

Ashiru bai ɗago kai ba. "Ni ban ce gaskiya ba ne. Turo min aka yi, na tura. In ma ba ita ba ce, ai akwai masu yi."

Batulu ta ɗauki muryarta ita ma, ta faɗi sunanta da na mahaifinta, ta yi bayani dalla-dalla, ta tura. Amsa ɗaya ta samu: "Ke ma an saye ki."

Ranar Alhamis samari suka yi wa asibitin dafifi, suka farfasa tagogi da duwatsu. Da ƙyar mai unguwa ya kore su. Washegari Prisca ta ɗaure kayanta, Batulu ta raka ta bakin titi jiran motar Birnin Kudu.

"Sista, ki yi haƙuri, zai wuce."

"Batulu, wanda ya fara jifa, ni na yanke masa cibiya," in ji Prisca. Ba ta yi kuka ba. Batulu ce ta yi.

Aka yi zaɓe, aka ci, aka faɗi, ba wanda ya ƙara tuna hoton. Ba a kuma turo wata ungozoma ba. Da damina ta yi nisa, naƙuda ta zo wa Hapsatu maƙwabciyar Batulu da gardama. Batulu ta yi iya abin da ta sani, bai isa ba. Aka ɗora ta a a-kori-kura za a kai ta Gwaram, motar ta kafe a laka. A nan Hapsatu ta cika.

Ranar sadakar uku, Batulu ta fito da kwanukan abinci wurin maza. Ta tarar sun haɗa kai a kan wayar Ashiru, suna sauraron wata sabuwar murya, wannan karon a kan wani malamin firamare. Sai ta ajiye kwanukan ta koma ciki.